Gidan gem ɗin da na koyi karanta difans na ƙwallon Amurka a Damagaram: ra'ayina bayan wata shida

Jama'a tun tuni nake son in yi rubutu kan wurin nan, don ƴan fadarmu sun dame ni da tambaya, wai ina nake ɓacewa bayan la'asar ran Asabar da Lahadi, wasu ma sun ɗauka aure nake nema a ɓoye. To ga amsa. Wani ɗan gidan gem ne a Sabon Gari, ba shi da nisa in ka baro kasuwar Dole, shago ɗaya ne da rumfar kwano a gaba, tele huɗu, PS4 uku da PS5 guda, benci biyu da kujerun roba. Ba zan faɗi sunan mai wurin ba don ban nemi izininshi ba, mu dai Mushe muke ce mishi saboda ya taɓa koyar da Ingilishi a kwaleji kafin ya buɗe shagon, kuma har yanzu in ya fara bayani ka san malamin lakwal ne. Tele uku na ƴan FIFA ne kamar ko'ina a garin nan. Ta huɗun da ke can lungu kusa da taga ita ce dalilin rubutun nan, don a kanta ake buga Madden, wato gem ɗin ƙwallon Amurka, wanda wani ɗan'uwanshi da ke can ya aiko mishi da faifan.

Kuɗin wurin ba tsada, dala arba'in ne wasa ɗaya a Madden ɗin, in awa kake so ku yi ciniki da shi, kuma in sabon shiga ne kai wasan farko baya karɓar ko dala, yace sai ka gane abinda kake biya wa kuɗi tukun. Wannan kaɗai ya sa na ga mutumin da daraja.

Ni da farko irin kallon da kowa ke yi wa wasan nake mishi, ƙatti sanye da hular kwano suna karo da juna kamar ragunan layya, a tsaya, a sake jeruwa, a sake karo. Mushe ya zaunar da ni ya zana min a bayan kwalin siga. Mutum 11 kowane ɓangare. Fili yadi 100 tsawo banda gidajen ci guda biyu na yadi 10 a kowane ƙarshe, faɗi kuma yadi 53 da ɗan ɗoriya. Masu ƙwallo suna da yunƙuri huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sake basu huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan gaba. Ka shiga gidan ci da ƙwallo maki 6, ka buga ta tsakanin ƙarafa maki 3. Wannan duk cikin minti goma na haddace. Abinda ya ɗauke ni wata da watanni, kuma shine ainihin hajar da ake saidawa a shagon nan a ganina, shine abinda ke faruwa a ɗan tsakanin nan da mutane ke cewa an tsaya ba a komai. Ashe nan ne wasan yake.

Ranar farko na zaɓi tsari daga cikin waɗanda gem ɗin ya nuna min, ƴan wasana suka jeru, na kai yatsa zan danna X kawai sai ya riƙe min hannu. Yace ƙanena tsaya, sefti nawa ka gani a sama? Nace mene ne sefti. Ya nuna min mutanen da ke tsaye can baya nesa da kowa, su ne na ƙarshe, in aka wuce su sai gidan ci. Yace kafin ka duba komai, kafin ma ka duba naka mutanen, ƙirga waɗannan, ɗaya ne ko biyu ko babu. Wallahi tambayar nan ya min ta ya fi sau ɗari cikin satin farko, har ta kai ko a kan kabu-kabu nake sai in ji ta a kunnena.

Ga dalilin ƙirgar yadda ya fahimtar da ni. Ƴan tsaro 11 ne kacal, fili kuma ya fi ƙarfinsu, don haka duk inda suka tara mutane to sun kwaso su ne daga wani wuri, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, aikin kwatabak, wato mai jifan nan da ke jagorantar hari, shine ya gano tsagar kafin a miƙo mishi ƙwallo. In sefti biyu ne a sama to tara suka rage a ƙasa, ka cire kona biyu da ke bakin layi suna gadin masu cafe, sauran bakwai ne ko ma shida a tsakiya wurin da ake kira akwati, nan gaban ƙattin layi. To ka ƙirga masu tare maka hanya, ƙattin layi biyar, da tayit-en, wato wanda ke tsayawa a gefensu yana tarewa yana kuma cafe, na shida, in mutanen akwati basu fi masu tarewarka yawa ba ka ba mai gudu ƙwallo kawai ya kutsa, kada ka wahalar da kanka da jifa. In kuma sefti ɗaya ne a sama to ɗayan ya sauko ya zama na takwas a akwati, gudu zai yi wuya don akwai aƙalla mutum guda da ba wanda zai tare shi, amma can gefe masu cafenka sun samu sarari. Lissafi ne na ƴan firamare amma sai ka yi shi cikin daƙiƙa kaɗan agogo na tafiya, don daƙiƙa 40 ake bayarwa tsakanin wasa da wasa.

Sai sunayen tsare-tsaren tsaron, Koba 0 zuwa Koba 4, kuma lambar kusan tana faɗa maka mutum nawa ne ke gadin can baya. Koba 2 sefti biyu sun raba bayan fili gida biyu, kona biyu kuma basa ja da baya sosai, suna nan kusa suna jiran gajeren jifa, to tsagar tana tsakiyar seftin biyu, da kuma bakin layi, bayan kona kafin sefti ya iso. Koba 3 mutum uku ne a baya, kona biyu da sefti ɗaya, huɗu a ƙasa, dogon jifa yana wuya amma gefen nan kusa da layi a buɗe yake don konan ya ja baya, sannan akwai ɗinkin da ke tsakanin yankin sefti da na kona, in ka tura mutum huɗu su miƙe a guje to uku ba za su iya raba kansu huɗu ba. Koba 4 huɗu ne a baya, sun ce maka ba za ka ci mu da dogo ba, to sai ka yi ta tsintar yadi biyar biyar a gabansu har su gaji su matso. Koba 1 kowa da mutuminshi sefti ɗaya na shawagi a sama. Koba 0 kuwa babu kowa a sama, sun turo jama'a su kayar da kwatabak, abinda ake ce wa bilis, in ka ga haka ka saki ƙwallo da wuri wa wanda ya fi sauri, in ya kuɓuce wa mutum ɗaya shikenan babu mai kama shi.

Inda na fi jin daɗin koyarwar Mushe shine wurin rarrabe tsaron mutum da mutum da tsaron yanki, wanda suke ce wa zon. Yace labarin zuciya a tambayi fuska. Ka dubi kona, in idonshi na kan mai cafen da ke gabanshi, ya matso kamar zai shinshine shi, ya ɗan karkata ta ciki, to mutum da mutum ne. In ya ja baya yadi bakwai ko takwas, ya buɗe ƙirji yana kallon kwatabak, to yanki yake gadi, ba ruwanshi da wanda ke gabanshi sai wanda ya shigo gonarshi. In kuma duk da haka baka tabbata ba sai ka aika ɗan saƙo, ka sa mai cafe ɗaya ya taso daga dama ya koma hagu kafin a fara, in wani ya biyo shi a guje har can to ka samu amsa, mutum da mutum ne, in kuwa sun ɗan gyara tsayuwa ne kawai kowa ya matsa taku biyu to zon ne. Ranar da na fara gwada wannan na ga ɗan tsaro ya bi mutumina tun daga wannan gefe har wancan, tsigar jikina ta tashi, don ji nayi kamar na tambayi abokin gaba sirrinshi kuma ya faɗa min da bakinshi.

Duk wanda ya taɓa zama filin kokowa lokacin gasar takobi ya san abin nan ko bai san sunanshi ba. Kafin a kama ai akwai wannan zagayen, ana ɗan taɓa hannu ana janyewa, ɗan kokowa na duban ƙafar da abokin karawa ya ɗora nauyi a kai, ya ɗan yi kamar zai kai hannu ga wuya don ya ga ta ina zai kauce. Wanda bai sani ba sai yace ɓata lokaci suke, alhali a nan ake kayar da mutum, faɗuwar ƙasa cikawa ce kawai. Da na faɗa wa Mushe haka yace to ka gama fahimta, sauran aikin yatsa ne.

Aikin yatsan ma ya koya min a hankali. R2 ka riƙe ka ga hanyoyin da mutanenka za su bi, mai murabba'i ka canza tsarin gaba ɗaya a bakin layi in ka ga wanda ka zaɓa bai dace da abinda ke gabanka ba, tiriyangil ka canza wa mutum ɗaya hanya. Yana da wata doka a shagon, wai sabon shiga tsari huɗu kawai zai riƙe na wata guda, gudu ɗaya ta tsakiya, gajeren jifa mai yankowa ciki, mutum huɗu a miƙe, da wani da nake so ƙwarai wanda mai cafen waje ke tsayawa a yadi biyar na ciki kuma ya wuce ya karya zuwa kusurwa. Wannan na ƙarshen maganin Koba 2 ne, kuma mutum ɗaya tak kake kallo, konan gefen. In ya tsaya kan na kusa ka jefa ta saman kanshi, in ya ja baya ya bi na nesa ka ba na kusa. Duk wanda ya zaɓa ya yi kuskure. Da farko na ga dokar ta takura, gem na da ɗaruruwan tsare-tsare a hana ni taɓawa, amma yanzu na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don yaran da suka ƙi bin dokar har yau zaɓen tsari suke kamar mai jan kati, in ta yi kyau su yi ihu in ta ɓaci basu san dalili ba.

Wani abin da ya bambanta wurin da sauran gidajen gem shine mutumin ya san tarihin abin, kuma yana da bidiyoyi a kwamfutarshi da yake nuna mana in ana jiran layi. Shi ya bani labarin John Madden ɗin kanshi, koci ne na Oakland Raiders da ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, a farkon 1977, daga baya ya koma sharhi a talabijin, gem ɗin farko mai sunanshi ya fito a 1988 kuma ya kafe sai an sa mutum 11 da 11 kamar na gaske ko ya janye sunanshi, ya rasu a Disamba 2021. Ya nuna mana shahararren kwatabak Peyton Manning yana zuwa bakin layi yana nuna wannan yana nuna wancan yana kiran Omaha, Omaha, yana sauya kira bayan ya gama karanta tsaro. Sannan ya nuna mana yadda shi wannan Manning ɗin, da duk iliminshi, Seattle suka yi mishi 43 da 8 a Super Bowl na Fabrairu 2014, da tsaron da yawanci Koba 3 ne wanda kowa ya san shi za su buga. Yace kun gani, karatu baya isa in mutanen da ke gabanka sun fi naka sauri da ƙarfi. Na ji daɗin da bai ɓoye mana wannan ba, don da wani ne sai ya nuna kamar dabararshi maganin komai ce.

Amma labarin da ya fi zauna min shine na rediyon cikin hula. A NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, kwatabak yana da ƴar na'ura a hularshi da koci ke mishi magana, amma ana yanke ta in agogon wasa ya rage daƙiƙa 15. Kocin Rams, Sean McVay, sai ya riƙa sa yaranshi su jeru da wuri don shi ma ya ga tsaron daga gefe ya raɗa wa kwatabak ɗinshi na lokacin, Jared Goff, abinda zai yi kafin a yanke. Da suka haɗu da New England a Super Bowl na Fabrairu 2019, su Bill Belichick, kocin New England na lokacin, sai suka riƙa nuna fuska ɗaya, su jira a yanke rediyo, sannan su sauya. Aka tashi 13 da 3, ƙungiyar da ta yi ta zuba maki duk shekara ta kasa shiga gidan ci ko sau ɗaya. Daga nan ne Mushe ya shigar da mu darasi na biyu, wai abinda ka gani kafin a miƙo ƙwallo zato ne, tabbaci sai bayan an miƙo, don sefti biyu na iya zama ɗaya cikin ƙiftawar ido, ɗaya ya gangaro ɗaya ya koma tsakiya. Don haka taku na farko bayan ka karɓi ƙwallo idonka ya koma kan seftin nan, suna inda ka barsu ko sun juya. Nan ne har yanzu nake fama, in Mushe ya riƙe manet ɗin tsaro yakan nuna min Koba 2 sarai, in tura mutum tsakiya da murna, ashe ya riga ya mayar da sefti wurin yana jira, sai dai in ga an cafke. Kuma baya dariya in ya yi maka haka, sai ya maido hoton baya a hankali ya nuna maka daidai lokacin da seftin ya ɗaga ƙafa.

Daren Super Bowl na Fabrairu 2025 ya buɗe mana shagon har asuba, don wasan sha biyu da rabi na dare yake farawa a agogonmu. Mu tara ne, ga sanyin Damagaram na lokacin, kowa da bargonshi ko jaket, wani yaro ya ɗora shayi a bakin ƙofa. Philadelphia da Kansas City. Mushe yace mu manta da ƙwallo, mu riƙa ƙirga masu zuwa kan Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City. Muka yi ta ƙirgawa, huɗu, huɗu, huɗu, basu ƙara ko mutum ɗaya ba, sauran bakwai duk suna baya sun toshe hanyoyi, kuma da huɗun nan suka kayar da shi sau 6. Kafin hutun rabin lokaci 24 da 0, aka tashi 40 da 22. Abinda ya burge ni a daren ba sakamakon ba ne, yaran da wata uku baya basu san mene ne sefti ba su ne ke ihu biyu ne a sama, biyu ne a sama, tun kafin a miƙo ƙwallo. Bai karɓi kuɗin kallo ba, kuɗin man gurup kawai muka haɗa mishi.

To yanzu inda wurin ya gaza, don ba zan yabi ɗan kuturu in ɓoye yatsunshi ba. Na farko zafi. Lokacin sanyi lafiya lau, amma daga Afrilu zuwa Mayu shagon nan tanda ne, bantilate ɗaya ce a sama kuma bata kaiwa lungun da telen Madden take, PS ɗin kanta sai ka ji tana huci kamar za ta tashi. Na faɗa mishi ko ƙaramar bantilate ta tsaye ya sa a lungun, yace in sha Allah, wata biyu kenan. Na biyu manet. Guda biyu ne na telen, ɗaya sandarta ta hagu tana jan gefe da kanta, a FIFA kana iya haƙuri da wannan amma a nan sai ka ga kwatabak ɗinka na tafiya hagu kai baka aike shi ba, ya faɗa hannun masu kayarwa, kuma kullum baƙo ko ƙarami ake miƙa wa ita, wanda bai dace ba sam tunda kuɗi ɗaya kowa ke biya. Na uku in kuran ya ɗauke, gurup ɗinshi ƙarami ne baya ɗaukar tele huɗu, kuma da yake ƴan FIFA sun fi yawa su ke kawo ciniki, telenmu ake fara kashewa. Na fahimci lissafinshi, kasuwa ce, amma akwai ranar da muna kwata ta huɗu saura minti biyu ina bin maki 4 ƙwallo na hannuna aka kashe, raina ya ɓaci sosai, duk da dai ya maido min da kuɗina ba tare da na tambaya ba.

Na huɗu kuma game da shi Mushe ne, kuma na faɗa mishi ido da ido. Yana saurin bada amsa. Kana tsaye a bakin layi kana ƙoƙarin ƙirgawa sai ka ji daga bayanka Koba 3 ce, jefa gefe. To in ka faɗa min me na koya? Nace Mushe don Allah ku riƙa barinmu mu faɗi, in mun faɗi sai ku gyara. Yayi shiru yace gaskiyarka ƙanena, ɗabi'ar aji ce, kuma ya rage, amma in wasa ya yi zafi yakan manta. Sannan komai na gem ɗin da Ingilishi yake, mu kuma nan Faransanci muka yi a lakwal wasu ma allo kawai, in baya nan sabon shiga baya iya ko zaɓen tsari. Da zai rubuta kalmomi ashirin ɗin nan da ake ta maimaitawa da fassararsu da Hausa ya manna a bango kusa da telen da ya taimaki mutane da yawa, na ma ce zan rubuta mishi in ya bani takarda babba.

Akwai kuma maganar yara ƴan lakwal. A nan dai na yaba mishi, baya barin mai kayan makaranta ya zauna lokacin aji, kuma in an kira salla ana tsayar da wasa a rufe ƙofa rabi, wanda ba kowane gidan gem ke yi ba a garin nan. Ba a shan taba a ciki, caca kuma ya hana, na ga ranar da ya kori wasu samari biyu da suka ɗora jaka jaka kan wasa.

Wa zan ce ya je? In kai mai son dara ne ko ludo na lissafi, ko kana cikin masu kallon bal suna lura da yadda koci ya jera ƴan baya ba wai inda ƙwallo take kawai ba, to wurin nan naka ne, ka ba shi sati uku kafin ka yanke hukunci don satin farko kanka zai yi ciwo. In kuma so kake ka zo ka danna ka ga an ci cikin minti ɗaya to ga tele uku can na FIFA, babu laifi. Ƙanwata da ke jami'ar André Salifou ta tambaye ni ko mata na zuwa, gaskiya ban taɓa ganin mace a ciki ba, amma da na tambayi Mushe yace in sun haɗu su uku ko huɗu zai ware musu safiyar Lahadi kafin samari su cika wurin, kuma yana ta maganar wai yana son ya samo ƙwallon gaske ya fara koya wa yara irin wanda ba a karo, ana fizge ƙyalle ne daga ƙugu a maimakon kayarwa, tunda an sa shi cikin wasannin Olimfik na Los Angeles a 2028. Ko zai yi ko ba zai yi ba Allah masani, ni dai nace in ya samo ƙwallon ni ne na farko a fili.

In da maki ake bayarwa zan ba koyarwar tara cikin goma, shagon kanshi shida saboda zafi da manet ɗin nan. Lokacin da ya fi dacewa ka je shine Asabar da safe wajen ƙarfe goma, ko bayan isha'i a ranakun aiki, don bayan la'asar layi yakan kai mutum biyar shida a telen guda. Ka tafi da ruwanka, ka roƙi manet baƙar ba farar ba, kuma in ya tambaye ka sefti nawa ka gani kada ka yi saurin amsawa, ka duba sau biyu, don wani lokaci na biyun yana laɓe ne a bayan lainbaka, wato ɗan tsaron da ke tsakiya a akwati.